RTX 3060 DA RTX 4060: DA WANE MUDU ZA A AUNA SU A GYAƊI-GYAƊI DA TARAUNI?

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga titin Gidan Zu, ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi, ya dangana da kasuwar Farm Centre da ke Tarauni, zai iske samari masu tarin yawa waɗanda abincinsu ya rataya a kan kwamfuta. Akwai masu tace hoton finafinan Hausa, waɗanda 'yan sana'ar ke kira editoci. Akwai masu haɗa majigin biki da na suna. Akwai masu zana allunan talla da katunan ɗaurin aure. Ga kuma masu zanen gidaje. A cikin kwamfutocin da ake irin waɗannan ayyuka da su akwai wani allo da ake sokawa, wanda 'yan kasuwa ke ce wa "girafik". A nan za a kira shi katin hoto. Sau da yawa shi ne abu mafi tsada a cikin akwatin kwamfutar baki ɗaya, kuma shi ne abin da mai saye ya fi jahilta.

Katuna biyu na kamfanin Nvidia na Amurka sun isa misali, watau GeForce RTX 3060, wanda ya fito a watan Fabrairu na 2021 a kan dala 329, da magajinsa GeForce RTX 4060, wanda ya fito a watan Yuni na 2023 a kan dala 299. Ko da yake an yi musu ƙane, RTX 5060, a cikin 2025, darasin da ke tsakanin waɗannan biyu bai tsufa ba. Kuɗin kuma ba na wasa ba ne. A shekarar 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, dala 299 ta tasam ma naira 450,000 tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a wannan shekara naira 70,000 ne. Ke nan kati guda ya fi albashin wata shida, kuma saurayin da ya yi kuskuren zaɓe ya binne jarinsa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mudun da ake auna waɗannan katuna da shi a ƙasashen da ake ƙera su bai dace da mai sana'a a Kano ba. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko aikin mutum zai shiga rumbun katin. Bayan wannan sai a tambayi wutar da zai sha. Sauri, wanda shi ake fara kururutawa, shi ne ya kamata ya zo a ƙarshe.

Yadda Katin Hoto Yake Aiki

Kafin a shiga kwatanci, ya kyautu a fahimci aikin katin. Hoton da ake gani a fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo ne aka jera. Hoton da ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, watau ɗigo 2,073,600. Wanda ake kira 4K kuwa yana da 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, watau 8,294,400, ninki huɗu cur na na farko. A majigi ana sauya irin wannan hoto sau 24 ko 25 ko 30 a cikin daƙiƙa guda, kuma kowane ɗigo sai an lissafa launinsa da haskensa.

Ana iya kwatanta al'amarin da shagon ɗinki ana gobe Salla. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ita ce babban tela, gwani ne amma hannuwansa kaɗan ne. Katin hoto kuwa tamkar dubban yaran shago ne, kowanne ɗinki ɗaya tak ya iya, amma duk a lokaci guda suke yi. Waɗannan yara su ne ƙwayoyin lissafi. Teburin da ake baza yadi a kai shi ne rumbun katin, ana kuma auna girmansa da gigabayit. Ƙofar da ake miƙo yadi daga tebur zuwa hannun yara ita ce hanyar rumbu, ana auna faɗinta da bit. Sannan akwai ɗan aljihu kusa da yaran inda suke ajiye allura da zaren da suke yawan buƙata don kada su riƙa komawa tebur. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa huɗu ya riƙe rabin ilmin katin hoto.

Siffofin Katunan Biyu

RTX 3060 yana da ƙwayoyin lissafi 3,584, masu bugawa har sau biliyan 1.78 a daƙiƙa. Rumbunsa gigabayit 12 ne, faɗin hanyarsa bit 192, yana kuma iya kwasar gigabayit 360 a daƙiƙa. Aljihunsa megabayit 3 ne kacal. Idan aiki ya yi aiki yana shan wat 170 na wuta.

RTX 4060 yana da ƙwayoyi 3,072, masu bugawa har sau biliyan 2.46 a daƙiƙa. Rumbunsa gigabayit 8 ne, faɗin hanyarsa bit 128, abin da yake kwasa kuma gigabayit 272 ne a daƙiƙa. Aljihunsa megabayit 24 ne, ninki takwas na na wansa. Wutar da yake sha wat 115 ce.

Mai karatu zai lura da wani abin mamaki a nan. Sabon kati ya gaza tsohon a yawan ƙwayoyi, ya gaza shi a girman rumbu, ya kuma gaza shi a faɗin hanya. Duk da haka ya fi shi sauri a mafi yawan ayyuka. Dalili kuwa shi ne yaransa sun fi zafin hannu, kuma babban aljihunsa yana rage musu zirga-zirga zuwa tebur. Tsohon yana yin lissafi kusan tiriliyan 13 a daƙiƙa, sabon kuma wajen tiriliyan 15. An ƙera tsohon a masana'antar Samsung ta Koriya ta Kudu, sabon kuma a masana'antar TSMC ta Taiwan da fasahar da ta fi ƙanƙanta sassansa, shi ya sa yake yin aiki mai yawa da wuta kaɗan. Har ila yau, sabon yana iya dunƙule majigi a tsarin AV1, wanda ke rage nauyin fayil ba tare da hoton ya dushe ba, alhali tsohon karanta wannan tsari kawai yake iyawa.

Mudun Masu Wasa

Akasarin masu gwada katunan hoto a Turai da Amurka da Asiya da wasannin kwamfuta suke gwadawa. Sukan kunna wasa, su ƙirga hoto nawa katin ya zana a daƙiƙa, wanda ya fi yawa shi ya ci. A bisa wannan mudu RTX 4060 yana gaba da wansa da abin da ya kama daga kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a hoton 1080p. Yana kuma da wata dabara mai suna DLSS 3, wadda ke ƙago ƙarin hotuna a tsakanin na ainihi don wasa ya yi santsi a ido.

Babu laifi a wannan gwaji, domin masu wasa aka yi wa shi, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Inda gizo ke saƙa shi ne a ɗauko sakamakonsa a miƙa wa edita a Gyaɗi-Gyaɗi kamar shi aka yi wa. Edita ba ya cin abinci da yawan hoton wasa. Abin da ya dame shi shi ne ko manhajar da yake aiki da ita, irin su Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve, za ta ɗauki aikinsa ba tare da ta tsaya ba, da ko zai gama fitar da shirin kafin a ɗauke wuta. Tun da finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka karɓu daga shekarar 2020, aikin tace hoto ya koma na mako-mako, kuma shirin da bai fita ranar da aka saba ba ya jawo wa masu shi asara. Gwajin wasa ba ya amsa ko ɗaya daga tambayoyin nan biyu.

Tambaya ta Farko: Rumbu

An sa rumbu a gaba ne saboda halinsa ya bambanta da na sauri. Ƙarancin sauri jinkiri kawai yake kawowa: aikin da kati mai sauri zai gama a minti 50, marar sauri zai gama shi a awa guda, amma dai zai gama. Ƙarancin rumbu kuwa yana iya hana aikin yiwuwa sam. Idan yadi ya fi tebur, zafin hannun yara ba shi da wani amfani. A DaVinci Resolve, alal misali, idan rumbun kati ya cika sai manhajar ta fito da gargaɗi, aiki ya tsaya cik. A wasu manhajojin kuma sai kati ya koma aron ma'ajiyar kwamfuta, wadda ke nesa da shi, sai komai ya koma tafiyar hawainiya.

Ɗan lissafi zai nuna yadda rumbu ke cika. Manhajar da ke gyaran launi da cikakken ƙididdiga tana ba kowane ɗigo bayit 16. Hoto ɗaya na 4K ke nan ya kai megabayit 133, na 1080p kuwa 33 kacal. Edita ba ya aiki da hoto ɗaya. Idan yana share dusar da ke bayyana a hoton da aka ɗauka da dare, dole kati ya riƙe hotuna da dama na gaba da na baya yana gwama su. Ga gyaran launi hawa-hawa, ga rubutun fassara, ga wani hoton a kan wani. Mai aiki da 1080p da wuya ya cika gigabayit 8. Mai aiki da 4K yana kuma jibga masa kwalliya yana iya cika shi, kuma a nan ne ƙarin gigabayit 4 na RTX 3060 yake raba aikin da ya fita da wanda ya maƙale.

Wannan batu ya shafi ɗaliban harshe kai tsaye. A watan Satumba na 2022 kamfanin OpenAI ya saki wata manhaja mai suna Whisper, wadda ke sauraron magana ta mai da ita rubutu, kuma Hausa tana cikin harsunan da aka sa mata, ko da yake Hausar tata tana buƙatar gyara mai yawa. Babban samfurinta, a yadda aka sake shi, yana neman rumbu na wajen gigabayit 10. Zai zauna a RTX 3060, ba zai zauna a RTX 4060 ba sai an rage masa nauyi. Mai nazarin da ke da kaset-kaset na hira da mawaƙa ko maroƙa ko tsofaffin masana tarihi, yana son na'ura ta yi masa rubutun farko, tsohon katin ne abokin tafiyarsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambaya ta Biyu: Wuta da Zafi

Idan aiki ya shiga rumbun katunan biyu, to magana ta koma kan wuta, a nan kuwa sabon kati ba shi da abokin karawa. Bambancin da ke tsakaninsu wat 55 ne. Wanda ke ƙasar da wuta ba ta yankewa ba zai ko kula da wannan ba. A Kano kuwa ya kamata a zauna a yi lissafi.

A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda. Idan kati ya yi aiki da dukkan ƙarfinsa awa 8 a rana, kwana 300 a shekara, wat 55 ɗin nan zai tashi kilowat-awa 132, watau kusan naira 30,000 a bisa wancan farashi. Gaskiya ita ce wannan bai kai ya sauya ra'ayin mai saye ba. Inda bambancin ke fitowa fili shi ne lokacin da babu wutar gwamnati ɗungum, kamar yadda aka gani a watan Oktoba na 2024, sa'ad da lalacewar manyan layukan dakon wuta ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, a daidai lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000 bayan janye tallafin mai a 2023.

A ɗauka edita yana da batir mai bolt 12 da amfiya 200. Abin da ke cikinsa wat-awa 2,400 ne, amma batirin dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, saura 1,200 ke nan. A ɗauka sauran kayan kwamfuta da allon kallo suna shan wat 150. Da RTX 3060 jimilla wat 320 ce, batir zai riƙe awa 3 da minti 45. Da RTX 4060 jimilla wat 265 ce, zai riƙe awa 4 da rabi, kafin a cire abin da inbata ke ci. Ga shi ya fi daɗewa a kan batir, ga shi ya fi saurin gama aiki. Ga mai dogaro da hasken rana, wannan minti 45 yana iya zama shi ne tsakanin fitar da shiri da sake farawa gobe.

Bugu da ƙari, duk wutar da kati ya sha zafi take komawa. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, kuma ƙaramin shago marar na'urar sanyaya ɗaki yakan fi haka. Katin hoto idan zafinsa ya wuce digiri 80 da 'yan kai yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Sa'an nan ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi. Katin da ke fitar da zafin wat 115 ya fi samun sarari a irin wannan yanayi bisa ga mai fitar da 170. Alƙaluman da aka buga a jikin kwali an same su ne a ɗaki mai sanyi, ba a bazarar Tarauni ba.

Tarkunan Kasuwa

Akwai abubuwa uku da mai saye zai kiyaye, ko a Farm Centre yake ciniki ko a titin Beirut ko kuwa daga Legas za a aiko masa.

Na farko, suna ɗaya ba ya nufin kati ɗaya. A ƙarshen 2022 Nvidia ya fitar da wani RTX 3060 mai gigabayit 8 da hanya mai bit 128. Sunan bai sauya ba, amma an cire masa abin da ya sa ake neman na asalin, ya kuma fi shi rauni. Haka nan RTX 3060 na kwamfutar tafi-da-gidanka gigabayit 6 gare shi. Duk wanda ya ce "3060" bai faɗi gigabayit ba, bai gama magana ba.

Na biyu, tarihin katin hannu. RTX 3060 ya fito ne a tsakiyar haukan haƙar kuɗin intanet na Ethereum, lokacin da ake jera katuna suna aiki dare da rana babu hutu. Da aka daina haƙar Ethereum da katin hoto a ranar 15 ga Satumba, 2022, sai katunan hannu suka malalo kasuwannin duniya da araha. Wasunsu lafiyarsu ƙalau, wasu kuwa fankarsu ta gaji, man da ke ɗauke zafi daga ƙwaƙwalwarsu ya bushe. RTX 4060 bai tarar da wannan zamani ba. Saboda haka kada a yi cinikin biri a sama: a soka katin a kwamfuta, a ɗora masa aiki mai nauyi na rabin awa, a ga iyakar zafinsa, a kuma karanta girman rumbunsa a allo da ido.

Na uku, gidan da za a sa katin. Ramin da ake soka shi, mai suna PCIe, yana da layuka 16. RTX 3060 yana amfani da dukkansu, RTX 4060 kuwa da 8 kawai. A sabuwar kwamfuta mai rami na zamani na huɗu wannan ba kome ba ne. A tsohuwar kwamfutar ofis mai rami na zamani na uku, irin wadda ake shigowa da ita gwanjo, hanyar sabon katin ba za ta wuce gigabayit 8 a daƙiƙa ba, rabin ta tsohon, kuma wannan yakan fito fili daidai lokacin da rumbu ya cika. Haka kuma a duba akwatin wutar kwamfutar, domin kamfanin ya ba da shawarar mai wat 550 ga kowanne daga cikinsu.

Hukunci

Mai ja zai iya cewa, ai sabon abu ya fi daɗewa ana yi masa hidima, kuma sayen fasahar 2021 ja da baya ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kamfani yakan daina sabunta manhajar tsohon kati kafin ta sabo. Sai dai manhajojin aiki kullum ƙara cin rumbu suke yi, kuma rumbun kati a like yake, ba a ƙara shi yadda ake ƙara ma'ajiyar kwamfuta. Katin da aka haifa da gigabayit 8 da su zai mutu. Abin lura ne cewa RTX 5060 na 2025 ma da gigabayit 8 ya zo, watau shekara huɗu bayan RTX 3060 magadansa ba su sake zuwa da 12 ba.

Hukuncin dai a sarari yake. Mai tace majigin 1080p, da mai zanen talla, da duk wanda aikinsa ke kan batir da hasken rana, RTX 4060 ya fi masa ta kowace fuska. Mai aiki da 4K mai kwalliya da yawa, da mai zanen gini mai sassa barkatai, da mai nazarin harshe da na'ura, RTX 3060 mai gigabayit 12 ya fi masa, muddin ya sami lafiyayye, ya kuma shirya ciyar da shi wuta. Hanyar gane rukunin da mutum yake ciki ba ta da wuya: ya buɗe aikinsa mafi nauyi a kwamfutar wani abokin sana'a, ya dubi adadin rumbun da aikin ya ci. Idan yana yawo ƙasa da gigabayit 6, ya sayi sabon hankalinsa kwance. Idan yana taɓa 7 ko 8, ya nemi tsohon.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa girman lamba a jikin kwali ba ya nuna fifiko, kuma gwajin da aka yi domin masu wasa a wata ƙasa ba ya yanke wa mai sana'a hukunci a Kano. Za a kuma ga cewa babu ko ɗaya daga bayanan nan da Hausa ta kasa ɗauka. Yawancin asarar da ake yi a irin wannan ciniki tana faruwa ne saboda mai saye yana jin kalmomin a bakin ɗan kasuwa, yana gyaɗa kai, alhali bai san abin da suke aunawa ba. Masana sun taɓa zama suka daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi a littafin keɓaɓɓun kalmomi na 1990. Irin wannan zama ya kamaci kalmomin kwamfuta, kuma ya kyautu a yi shi tare da masu gyara da editocin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, domin su ne suka san kalmar da za ta zauna a baki da wadda za ta mutu a takarda. Kafin wannan lokaci, saurayin da ya tara kuɗin wata shida ya riƙe tambayoyinsa uku a jere: gigabayit nawa, wat nawa, sa'an nan sauri.